Ƙyallen da Ya Ƙi Fita Daga Ƙugu

Wasan da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa, ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallo a cikinsa ba. Ƙwallon ma ya fi kama da gwanda. Ƙarti sha ɗaya-sha ɗaya ne, kowa da hular kwano, a rungumi ƙwallo a ruga, ko a jefa wa abokin wasa, ana bangazar juna ana zubewa. Alƙalai bakwai ke cikin fili, sanye da riga mai ratsin baƙi da fari kamar jakin dawa, kowannensu da ƙyalle ruwan ɗorawa soke a ƙugu. Wanda ya ga laifi ya zare ya wurga. Ƙyallen ba shi da wani aiki a duniya sai wannan.

Ranar 20 ga Janairu, 2019, a filin Superdome na birnin New Orleans, ƙungiyar gida, Saints, ta karɓi Rams ta Los Angeles. Wanda ya yi nasara ya tafi wasan ƙarshe, Super Bowl. Maki 20 da 20, saura minti ɗaya da daƙiƙa 49, Saints na yadi 13 daga layin ci. Drew Brees na Saints ya jefa wa abokin wasansa Tommylee Lewis ƙwallo. Doka ta ce mai tsaro ba ya taɓa mai jiran ƙwallo sai ƙwallon ya iso. Nickell Robey-Coleman na Rams ko ɗaga kai bai yi ya ga inda ƙwallon yake ba, ya taho a guje ya yi awon gaba da Lewis, hula ta daki hula. Laifi biyu a karo ɗaya. Mutum sama da dubu 70 suka zuba wa ƙugun alƙalai ido. Ƙyalle bai motsa ba.

Da an wurga shi, Saints za su yi ta jan lokaci har agogo ya kusa cika, su buga ƙwallo ɗan kusa su wuce. Da yake ba a wurga ba, suka buga da wuri, suka bar wa Rams lokacin ramawa. Aka shiga ƙarin lokaci, Greg Zuerlein na Rams ya shararo ƙwallo daga yadi 57, aka tashi 26 da 23.

Abin da ya sa nake son wannan rigima shi ne babu gardama a kan abin da ya faru. Wanda ya yi bangazar ya amsa da bakinsa cewa ya riga ƙwallon isowa. Hukumar wasan, NFL, ta ci shi tarar dala 26,739. Kocin Saints, Sean Payton, ya ce shugaban alƙalan hukumar ya amsa masa ta waya cewa an yi kuskure. Mai laifi ya amsa, mai shari'a ya amsa, shaidu sun cika gari. A nan ya kamata magana ta mutu, amma a nan kowa ya fito da halinsa.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Mai Tsayar da Hoto. Tun daren bai ƙara cin abinci da hannu biyu ba, ɗaya na riƙe da waya. Ka je gidansa gaisuwa, kafin a kawo maka ruwa ya matso da kujera. "Ɗan'uwa, duba nan. Ka ga ƙwallon? Ga shi can sama, ko saukowa bai fara ba. To yanzu dubi kafaɗarsa." Ya ja hoton baya da ɗan yatsa, ya tsayar, ya buɗe shi har fuskar alƙali ta zama dusa-dusa. "Ka ga wannan? Ina yake kallo? Ka faɗa mini ina yake kallo!" Ka ce ka gani, ka yarda, laifi ne ƙarara. Yardarka ba ta dame shi ba, domin bai taɓa haɗuwa da wanda ya musa ba. Yana da hoton ta gefe, ta sama, ta bayan fili, da wanda wani ya ɗauka daga kujerun can ƙololuwa hannunsa na rawa. Uwargida ta ajiye miyar gumbo, ta huce, ta ɗauke, ta ɗumama, ta dawo da ita. Ya kalli abin nan sau ɗari, kuma duk kallo akwai wani lungu a zuciyarsa da ke sa ran wannan karon ƙyallen zai fito.

Maƙwabcinsa shi ne Lauyan Dare Ɗaya. Jiya gyaran famfo yake yi, yau ya haddace doka ta 17, sashe na 2, wadda ta ba kwamishinan hukumar, Roger Goodell, ikon sauya sakamako ko sake wasa idan an tafka rashin adalci na fitar hankali. Ɗan wasan Saints Michael Thomas ne ya ambaci dokar a Twitter, gari ya ɗauka. Lauyan namu yana karanta ta da murya irin ta mai gabatar da ƙara, yana buga tebur a kan kowace gaɓa. Abin da ba ya karantawa shi ne wani sakin layi a sashen, inda aka ce ikon bai shafi ƙorafin kuskuren alƙali ba. In ka nuna masa ya ce wannan ƙaramin rubutu ne. Lauyoyi na gaske ma ba a bar su a baya ba, sun shigar da ƙararraki a madadin masu tikiti. Ɗaya ta yi nisa har wata alƙaliyar jiha ta amince a titsiye Goodell da tambayoyi bisa rantsuwa, kafin Kotun Ƙolin jiharsu ta Luwiziyana ta yi watsi da ita a watan Satumba. Hujjar kotun gajeriya ce: tikiti kujera ya saya maka da damar kallo, kuma ka zauna, ka kalla.

Sai Mai Ganin Hannu a Ƙasa. Shi dariya yake wa masu cewa kuskure. Los Angeles ce kasuwar talabijin ta biyu a girma a Amurka, Rams ba su daɗe da komowa can daga St. Louis ba, a 2016, ga katafaren fili ana gina musu. New Orleans kuwa ƙaramin gari ne. Da aka ruwaito cewa huɗu daga alƙalan ranar mazauna kudancin Kalifoniya ne, sai da ya kusa yin walima. Ɗan wasan Rams Todd Gurley ya ƙara masa gishiri, ya sa hoton bogi a Instagram wai suna musayar riga da alƙalin wasa. Gurley raha yake yi, mutuminmu ya adana hoton cikin shaidu. Ka tambaye shi, in an tsara ne, me ya sa aka bari Saints suka fara yin gaba da 13 da nema? Ya runtse ido ɗaya ya ce ai nan gwanintar take.

Magoyin bayan Rams kalmarsa ɗaya ce: "To ku fa?" Kafin wannan bangazar, a zagaye na huɗu, an cafko ƙarfen fuskar hular ɗan wasan Rams Jared Goff kusa da layin ci, ba a wurga ƙyalle ba. Gaskiya ya faɗa. Laifi tudu ne. Sai dai yana faɗa yana kallon ƙasa, kamar wanda ya tsinci kuɗi a hanya kuma ya san mai su.

Na fi jin haushin Dattijon Gaskiya Ɗaci, don ba ka iya ƙaryata shi. Shi ma ɗan Saints ne, tun zamanin da magoya bayan ƙungiyar ke rufe fuska da jakar takarda saboda kunyar shan kashi. Yana zaune a ƙarshen benci, sai hayaniya ta lafa ya yi gyaran murya. "Yara, alƙali ne ya ce Payton ya sa a yi jifa a yunƙurin farko, ƙwallo ya faɗi ƙasa, agogo ya tsaya? Da an ruga da shi, da Rams sun ƙone damarsu ta tsayar da agogo. A ƙarin lokaci wa aka fara ba ƙwallo? Mu. Wa ya jefa aka cafke? Namu." In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk abin da ya lissafa haka aka yi. Shi ya sa aka daina gayyatarsa cin abinci.

Faɗuwar wani tashin wani. Likitocin ido a yankin suka yi shelar duba idon alƙalan NFL kyauta. Wani dillalin motoci ya kama allunan talla a Atlanta, garin da za a yi Super Bowl, ya rubuta wa hukumar abin da ke ransa. Masu buga riguna kuwa ba su runtsa ba.

Ɗan siyasa ya ji ƙamshin taro. Gwamnan jihar, John Bel Edwards, ya rubuta wa Goodell wasiƙa. Sanata Bill Cassidy ya shiga zauren Majalisar Dattawa a Washinton da manyan hotunan bangazar, ya kafa su ya yi jawabi, a ranar da gwamnatin tarayya ke cika kwana 35 a rufe saboda rikicin kasafin kuɗi. Goodell kuwa sai da ya kwana goma kafin ya buɗe baki a bainar jama'a, ya ce alƙalai 'yan Adam ne. Mutanen New Orleans suka ce da ma ba su zaci aljanu ba ne.

Akwai mai dariyar ƙeta, magoyin bayan Atlanta Falcons, tsofaffin abokan gabar Saints. Gaba ta kai shi, ba za a ɗaga kofi a filinsa da hannun maƙiyi ba. Maganinsa sauƙi gare shi: ka ce masa "28 da 3", tazarar da ƙungiyarsa ta bayar a Super Bowl na 2017 kafin ta bari aka cinye ta. Zai tuna yana da uzuri a wani wuri.

Wanda ya burge ni shi ne Mai Fushi da Rawa. Ranar 3 ga Fabrairu, duk Amurka na gaban talabijin, shi ya kashe tasa ya fita titi. New Orleans gari ne da ake raka gawa da kakaki da ganga, don haka ba su rasa yadda za su yi da baƙin ciki ba. Dubbai suka fito cikin baƙi da ruwan zinariya, wasu sun yi shigar alƙali da baƙin tabarau da sandar makafi, ana kaɗa ƙyallaye ruwan ɗorawa a sama kamar ana biyan bashin wanda aka hana su. Wuraren shaƙatawa da dama suka sa tsohon wasan 2010, wanda Saints suka ci kofi, jama'a na ihu kamar ba su san ƙarshensa ba. Can a Atlanta, New England Patriots suka doke Rams 13 da 3, Super Bowl mafi ƙarancin maki a tarihi. Washegari jaridar garin, Times-Picayune, ta bar shafinta na farko kusan fari fat.

Na bar Mai Gyara a ƙarshe don shi kaɗai aka biya wa buƙata. Kukansa kullum: ga na'urar ɗaukar hoto ta ko'ina, a bari a koma a duba mana! A watan Maris masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a, 31 da 1, aka amince a riƙa duba irin wannan laifi a bidiyo. Duk wanda ya taɓa zaman jiran hukuncin VAR ya san sauran labarin. Koci ya ƙalubalanci hukunci, a tsayar da wasa, a duba, a dawo a ce yana nan yadda yake. Ranar 5 ga Janairu, 2020, a wannan fili dai na Superdome, a ƙarin lokaci, Kyle Rudolph na Minnesota Vikings ya sa hannu a ƙirjin mai tsaron Saints, ya cafe ƙwallon da ya fitar da su daga gasar, 26 da 20. Ga sabuwar doka, ga bidiyo, aka ce turin bai kai laifi ba. Mai Tsayar da Hoto ya samu sabon faifai. Dokar kuwa kaka ɗaya ta yi aka jingine ta.

Shi kuma Bill Vinovich, shugaban alƙalan ranar da ƙyalle ya ƙi fita, ba shi ne mafi kusa da wurin bangazar ba, amma sunansa aka riƙe a New Orleans. A Fabrairun 2020 hukumar ta ba shi alƙalancin Super Bowl a Miami. A 2024 ta sake ba shi a Las Vegas.