Ɗumamen Ganganci da Neman Buta

Ni dai na ɗaura yaƙi da ɗumamen ganganci, wanda ake ɗora miyar jiya a wuta, a tsoma ɗan yatsa a ji ɗumi-ɗumi, a ce "ta yi, sauke." Kowa ya san ƙarshen labarin. Maigida ya ci ya yi hamdala, ya zuba babbar riga ya nufi ɗaurin aure, ana tsaka da fatiha ciki ya fara ƙugi, sai ga dattijo yana tattare riga yana tambayar yara ina buta. Gobe a ce kambun baka ne. Ni kuwa tukunya nake tuhuma. Ƙwayoyin cuta sun fi walawa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma in wuri ya yi musu daɗi wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20. Miyar kukar da ta kwana a zafin Kano na watan Afrilu, in ɗumi kawai ta ji, ruwan wanka aka surka musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai zafi ya ratsa abinci ya kai digiri 70. Mu da ba mu da ma'auni, a bar miya ta tafasa sosai ana juyawa, tuwon ma in an ɓara shi a ga turiri na tashi daga tsakiyarsa.

Na san za a ce mini, "Haba Malam, kakanninmu ɗumame suka ci har suka ga tattaɓa-kunne." Haka ne, amma a lura da tsohuwa: ba ta kwanciya sai ta sake tafasa miyarta ta rufe, da asuba kuma ta mayar da ita kan murhu. Ba ta taɓa jin sunan Louis Pasteur na Faransa ba, wanda ya nuna a shekarun 1860 cewa zafi na kashe halittun da ke lalata abin sha, amma aikinsa take yi. Jikokin ne suka gaji tuwon suka bar haƙurin. Masu cewa yaji na kashe cuta, su ma bakinsu kawai suke ƙonawa. Mai kukan tsadar gas da gawayi shi kaɗai nake tausaya wa, sai dai ya je ya tambayi kuɗin ledar ƙarin ruwa a asibiti.

Wuta ma tana da iyakarta, musamman a kan shinkafa. Akwai ƙwayar Bacillus cereus da ke tsallake dahuwa, in shinkafar ta daɗe a ajiye ta zuba mata guba, gubar kuwa tafasa ba ta karya ta. Shi ya sa ake cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje. Don haka, uwargida, shinkafar bikin nan da ta wuni a leda har ta soma yauƙi, kada ki ɓata gawayinki a kanta, don Allah ki zubar.