Ina Fankarka Ta Dosa? Bayani Ga Mutanen Yola Da Jimeta

Yola na kwance ne a kwarin Kogin Binuwai, ƙasa-ƙasa, inda zafi ke taruwa ya rasa hanyar fita. Tun daga 1841 da Modibbo Adama ya kafa garin, kowace bazara mutanen nan sai sun yi shawara da rana. A watannin Maris da Afrilu ma'auni kan haura digiri 40 da tsakar rana, kuma sunan Yola ba ya ɓata a jerin garuruwan da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke yi wa gargaɗin zafi. Saboda haka fankar sama a nan kayan aiki ce kamar randa da tukunya. Tana ɗakunan haya a Doubeli da Luggere, tana falukan Karewa da Dougirei, tana shagunan kasuwar Jimeta, tana jere a masallatan Juma'a.

Tambayoyin da ake yi a kanta guda uku ne: an kawo wuta? A lamba nawa take? Wa ya rage ta? Akwai ta huɗu da ta fi su nauyi, wadda ba a cika yi ba: ta wane ɓangare take juyawa?

A fara da abin da fanka ba ta yi. Fanka ba ta sanyaya ɗaki. Ka rufe ɗaki ka bar ta tana gudu tun hantsi har la'asar, ma'aunin zafi ba zai sauka ko ɗigo ba, sai ma ya ɗan ƙaru, domin injinta na cin wuta kamar wat 70 kuma yana fitar da ɗumi. Aikinta a jikin mutum yake. Iskar da take turowa na busar da gumi, gumin kuma in zai bushe sai ya tafi da zafin fata. Wanda ya bar fanka a kunne ya tafi kasuwa wai don ya tarar da ɗaki da sanyi, kujeru ya yi wa fifita, kujera kuwa ba ta gumi. Mai mitar kati ya riƙe wannan da kyau.

Tunda haka ne, dole iskar ta sauko ta same ka. Ɗaga kai ka dubi fukafukin fanka lokacin da take tsaye. Ba a shimfiɗe yake ba, a karkace yake kaɗan, gefe ɗaya ya fi kusa da silin, ɗayan ya sunkuyo. In gefen da ke sama shi ne ke gaba wajen tafiya, fukafukin na danno iska ƙasa. In gefen da ya sunkuyo ne ke gaba, yana kwasar iska ne yana miƙa wa silin. A yawancin fankokin da ake sayarwa, in ka tsaya a ƙasa ka kalli sama, juyin da ke sauko da iska shi ne saɓanin tafiyar hannun agogo. Wanda agogonsa na waya ne, marar hannu, kada ya wahalar da kansa. Ya kai ta lamba mafi ƙarfi, ya cire hula, ya tsaya daidai ƙarƙashinta. In ya ji iska a tsakar kansa, lafiya lau. In bai ji komai ba alhali tana ta ƙugi, ya karɓi kaskon turaren wuta wajen uwargida ya ajiye a tsakiyar ɗaki. Hayaƙin da ya watse a ƙasa shaida ne iska na saukowa. Hayaƙin da ya miƙe sak ya nufi fanka ya gama ba da shaida a kanta.

Mai karatu zai ce ta yaya fanka za ta juya baya, alhali tamu ba ta da maɓallin juyi? Hanyar ta kan tsani take bi. Cikin kan fanka akwai wani ɗan abu da masu gyara ke kira kafasito, shi ke ba injin turin farko. In ya yi rauni fanka kan yi nawa, ko ta tsaya tana gurnani har sai an tura ta da sanda. Mai gyara ya zo ya canja shi, in ya sarƙe wayoyi wajen mayarwa, injin sai ya tashi ta ɗaya ɓangaren.  Duk da haka fanka za ta yi gudu, za ta yi ƙara, za ta ci kuɗin wuta cif, mai gyara ya karɓi haƙƙinsa ya tafi.

Abin da ke raya irin wannan fanka shekara da shekaru a Adamawa shi ne kunya. Dubi saurayin da ya zo gaida surukai a Wuro Hausa ranar Asabar cikin Afrilu. Ya sha shadda mai sitaci, ya ɗora babbar riga, ya zauna a kan darduma daidai ƙarƙashin fanka, kansa a sunkuye. Fanka na lamba biyar. Gumi ya biyo ta ƙarƙashin hula ya sauko ta bayan kunne, wuyan riga ya canja launi. Dattijo ya ce, "Yaya zafi?" Ya ce, "Lokacinsa ne, Baffa." An ce a ƙara masa fanka, ya ce wallahi ta isa, har ma ta yi yawa. Ba zai ɗaga kai ya binciki silin surukinsa ba, kuma ko ya gane, tarbiyya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Shi kuma mai gida ya riga ya yanke cewa zafin bana ne ya fi na bara. Haka baƙi za su yi ta zuwa suna cewa lokacinsa ne, silin na shan iska shi kaɗai. Don haka nauyin binciken na kan mai gida. Baƙo ba zai taɓa taimaka masa ba.

Sai batun sanyi. A Amurka, inda Philip Diehl ya haɗa fankar sama mai lantarki a shekarun 1880 da injin keken ɗinki, fankoki kan zo da ɗan maɓalli a jiki. Shawararsu ita ce in sanyi ya shigo a juya ta ta bi hannun agogo, a bar ta a hankali. Dalilinsu mai kyau ne. Gidajensu na da na'urar ɗumama ɗaki, iska mai ɗumi kuma sama take tashi ta taru a silin. Fanka mai juyawa baya na jan iskar ƙasa zuwa sama, ta kore ɗumin ya bi bango ya sauko, ba tare da ta busa wa kowa a jiki ba.

Wannan shawara ba ta Yola ba ce. Hunturunmu na Disamba da Janairu na zuwa da hazo da kaushi da sanyin asuba, amma ba wanda ya kunna na'urar ɗumama ɗaki a Jambutu. Babu wani ɗumi da ke ɓoye a silin yana jiran a sauko da shi; kwano da dare shi ne ma farkon yin sanyi. Maganin hunturu a nan shi ne a kashe fanka a ja bargo. Masu shigar da gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga, su daina, da fanka ko babu fanka, domin iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mutum cikin barci.

Sababbin fankoki masu rimot, irin waɗanda ke tafiya da sola, da yawansu na da maɓallin juyi. Yana da amfani ga ɗakin mai jego da jariri, ko marar lafiyar da ba ya son iska ta doke shi kai tsaye. Amma gidan da ke da yara da rimot, a riƙa duba fanka kowane mako.

Akwai lokacin da ko fanka mai juyin daidai takan zama abokiyar gaba. Ɗakin kwano marar silin da ƙarfe biyu na rana a Afrilu, fanka na ɗebo zafin da ke ƙarƙashin kwanon ne ta juye maka a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafi ya wuce digiri 40, fanka na ƙara wa jiki zafi maimakon ta rage. Wannan magana ta fi shafar tsofaffi, waɗanda jikinsu ba ya fitar da gumi sosai, da masu azumi, kuma azumin 2023 da 2024 da 2025 duk cikin Maris ko Afrilu ya faɗo. A irin wannan sa'a sai a jiƙa zane a yafa, a shafa ruwa a hannu da wuya, sannan fanka ta samu abin busarwa. In ɗakin ya gagara, a koma inuwar dalbejiya da mafici. Bayan isha'i, in waje ya fi ciki sanyi, a buɗe tagogi ta samu sabuwar iska. Da damina kuwa, lokacin da Binuwai ya cika, iska ta yi nauyi da laima, gumi ya ƙi bushewa da kansa, a nan ne fanka ke biyan kuɗinta.

Ƙurar hunturu da ke daskarewa a bakin fukafukai na rage iska, a goge ta kafin bazara, bayan an kashe makunni. Kada a kama fukafuki a lanƙwasa wajen gogewa, daga nan rawa da ƙara ke farawa. A bar aƙalla ƙafa bakwai tsakanin fukafukai da ƙasa, saboda dogaye da masu ɗaga hannun riga. Rigimar lamba tsakanin miji mai son biyar da mata mai son biyu, wannan ta fi ƙarfin mai gyaran wuta.

Kirana ga magidanta da 'yan kwamitin masallatai da masu shaguna daga Yola har tsallaken gada: daren yau in an kawo wuta, kowa ya cire hula ya tsaya ƙarƙashin fankarsa. Kuma duk ranar da aka kira mai gyara, kada a sallame shi sai an kunna a gabansa, an ji iska a ka.