Farar Shadda a Fadamar Nguru

Duk abin da zai fitar da magidanci daga gida da asuba yana da sunan da ake iya faɗa a gaban surukai: kasuwa, gona, jana'iza, ɗaurin aure, ko bin bashi. Kallon tsuntsaye ba ya cikin jerin. Shi ya sa da ɗan yayata ya zo Kano da maganar in raka shi fadamar Haɗeja da Nguru a watan Oktoba, na so a yi tafiyar ba tare da dogon bayani ba. Yaron a Jos ya yi karatu, a cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum, kuma tun da ya dawo ba a gama gaisawa da shi bai ɗaga kai sama ba. Sai dai uwargida ta riga ta ji.

"Malam, in kun gan su kamawa za ku yi?"

"A'a."

"Harbi?"

"A'a, Hajiya. Gani kawai, sai mu rubuta."

"Ku rubuta wa wa?"

Na ce mata ai ko Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, sai da ya tako har Dagona da ke cikin fadamar a 1989 saboda tsuntsayen nan. Ta ce shi ba a binsa kuɗin makaranta.

Tun daga Kano har Gumel yaron bai haɗiye yawu ba, amma maganarsa da ma'ana. Idan sanyi ya doso Turai da Rasha, ƙwari suka ɓace, tabkuna suka fara daskarewa, sai tsuntsaye su nufo kudu. Su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, fiye da kilomita 1,500 ba ruwa ba inuwa, ƙananan cikinsu kuma yawanci da dare suke tafiya. Ruwan farko da suke tararwa a bayan hamada irin namu ne: Tafkin Chadi, fadamar kogin Kwara a Mali, da nan inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe. Suna isowa daidai lokacin da ruwan damina ya cika fadama, daidai lokacin da shamuwa, wadda ta yi damina a bishiyoyin garuruwanmu, take haɗa nata ya-nata ta yi kudu.

Abu guda ne ya tsaya mini a rai. Turawa suna ce musu tsuntsayensu, alhali da yawa daga cikinsu watannin da suke yi a Afirka sun fi waɗanda suke yi a can. Haihuwa ce kawai ke kai su. Mu kuwa matar da ta tafi wankan gida ba ma cewa ta tashi daga gidan mijinta. Na faɗa wa yaron haka, ya ce zai yi tunani.

Tun da dare ya gargaɗe ni in sa tufa mai duhu, wai fari yana firgita tsuntsu. Ni kuwa ban taɓa shiga garin mutane da kayan da za a ɗauka kora ta aka yi daga aiki ba. Na sa farar shaddata, ɗinkin sallar bara, da hula zanna, da takalmi sau-ciki. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "To, Kawu." Yaro ne mai tarbiyya.

Gari bai gama wayewa ba muka shiga kwalekwale a wani ƙauye da ke bakin ruwa. Mai jirgin dattijo ne, ba ya magana sai ta kama, yana tura mu da doguwar gora ta wata 'yar hanya tsakanin kacalla da ta fi tsayin mutum. Shi ya gaya mini cewa yana yaro nan duk fili ne na ruwa, in rani ya yi ya janye a shuka. Tun da aka datse ruwan a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ruwan ya daina zuwa da tafiya yadda ya saba, wasu wuraren ba sa bushewa ko da rani, kacalla ta sami gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Duk bai ambaci shekara ba, yaron ne ke cike masa daga baya. Amma in wani abu ya yi kuka a cikin ciyawa, kafin yaron ya buɗe littafinsa dattijon ya riga ya ce kirinjijiya ce, ko ɗinya, ko zalɓe, bai ko waiwaya ba.

Aka miƙo mini madubin hangen nesa. Da farko duhu na gani. Daga baya na ga gashin idona. Da abin ya daidaita sai ga wani farin tsuntsu tas, dogo, yana tafiya da ƙasaita a bakin ruwa. Na miƙe tsaye, jirgin ya karkata, na ce, "Ga Bajamushe can!"

"Kawu, zauna. Balbela ce."

Duk abin da ke cikin wannan lungu ya riga ya tashi. Yaron ya ce shaddar ce. Ni na fi zargin muryarsa.

Da muka ga baƙin na gaske kuwa, raina bai so ba. Na zaci wanda ya fito daga Turai zai zo da ado. Sai aka nuna mini wasu masu dogayen ƙafafu, launin ƙasa-ƙasa, sun sunkuyar da kai suna tsince-tsince a gefen gonar shinkafa. Yaron ya buɗe littafi ya nuna mini hoton namijinsu a can gida lokacin neman aure: wuya ya sha gashi tibi guda, wani fari, wani ja, wani baƙi, suna taruwa a dandali suna taƙama a gaban mata. Kafin ya taso sai ya zubar da kayan adon gaba ɗaya, ya iso mana a tsiyace. Mai jirgi ya ce su dai abin da suka sani game da shi, yana cin shinkafa.

Muka sauka a wani tudu kusa da gonaki. Yaron ya kafa babban madubinsa mai ƙafa uku, sannan ya ja hannuna ya nuna mini wani ɗan mitsitsin tsuntsu a jikin karan kacalla, mai fari-farin layi a saman ido. Da raɗa ya ce nauyinsa bai wuce giram 12 ba, kuma kafin ya taso yakan ci ƙwari har nauyin ya kusa ninkuwa, kitsen nan ne mansa na ƙetare hamada. A nan kam jikina ya yi sanyi. Na kafa madubi, na same shi, ina ganin ƙirjinsa yana motsi, sai kawai duniya ta tsage: gwangwanaye suka kaure, wani yaro ya kurma ihu, dutse ya wuce ta saman hulata.

Abin da littattafan kallon tsuntsu ba sa faɗa ke nan. Sharaɗin aikin shi ne shiru, kuma a fadama da kaka shiru asara ce. Lokacin da baƙin Turai ke sauka shi ne lokacin da shinkafa ke nuna, shi ne kuma lokacin jan-baki. Shi ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, kuma duk duniya babu tsuntsun dawa da ya kai shi yawa. Kacallar nan ce makwancinsa. In garkensa ya sauka a gona da hantsi, kafin azahar mai gonar ya koma sayen hatsi. Don haka kowace gona da yaronta a kan rumfa, da majajjawa, da igiyar da aka zagaye gonar da ita aka rataya mata gwangwanaye.

Na tattara rigata na nufi yaron da ke kan rumfa. Cikin lalama na ce, "Kai samari, ɗan saurara mana, muna aiki." Ya dubi shaddar, ya dubi madubin da ke wuyana, ya dubi littafi da biron da ɗan yayata ya ba ni riƙo, ya diro daga rumfa ya sheƙa cikin gari. Ban gama gyara hula ba sai ga mutane, ubansa a gaba.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Yaushe jirgin zai zo?"

"Wane jirgi?"

"Na feshi mana."

Ashe an daɗe ana jiran jami'an da za su zo su duba makwancin jan-baki kafin a turo jirgin sama ya yi feshi. Ɗan yayata, da wandonsa mai aljihu goma da tsohuwar hular rana, ba wanda ya kula shi, an ɗauka direbana ne. Haka aka tasa ni gaba har ƙofar Bulama, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo gasasshen kifi. Zan fara bayani aka ce in ci tukuna. Na ci. Wanda ya ci kifin mutane kuwa dole ya saurari kukansu. Aka kawo maganar jan-baki, aka kawo ta kacalla, aka kawo ta ruwan da ake saki ba sanarwa ya cinye gonaki. Wani ma ya kawo maganar ɗansa da ya gama sakandare. Kunya ta sa na riƙa rubutawa, rubutun kuma ya ƙara tabbatar musu.

Sai da aka ɗauke kwano na ce, "Allah ya ja zamanin Bulama, mu fa kallon tsuntsaye muka zo."

Aka yi tsit. Bulama ya ce, "Kallo."

"Kallo, ranka ya daɗe."

"Daga Kano. Da manku."

"Da manmu."

Ya juya ya dubi fadawansa, ya ce, "To, ga su nan. In kun gama kallon, ku tafi da su."

Wani tsohon maharbi ne ya cece ni daga wannan shirun. Ya shiga gida ya fito da wani ɗan zoben ƙarfe a ƙulle cikin tsumma, da lambobi da rubutun boko a jiki, ya ce a ƙafar wata agwagwa ya cire shi shekarun baya. Hannun ɗan yayata har rawa yake. Ya bayyana musu cewa masana ne ke sa wa tsuntsu zoben a can, aikin da wani malamin makaranta ɗan Denmak mai suna Mortensen ya fara a 1899, don in an tsinci zoben a wata ƙasa a san inda tsuntsun ya kai. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "In mai ita ne ya aiko ku, ku ce masa ta iso lafiya, kuma ta yi mai."

Yaron bai karaya ba. Ya ba su labarin wani babban farin tsuntsu dangin shamuwa da aka harbo a arewacin Jamus a 1822, aka tarar da mashin Afirka a soke a wuyansa, da shi ya yi duk tafiyar. Kafin nan Turawa har cewa suke wasu tsuntsayen a ƙarƙashin tabki suke kwana har sanyi ya wuce. Gawar tana nan a ajiye a jami'ar Rostock. Tsohon ya girgiza kai ya ce wanda ya jefa mashin nan ba ɗan garinsu ba ne.

Da la'asar muka koma tudun. Can nesa ƙananan agwagin Turai sun rufe ruwa, yaron ya manna ido a madubi ya fara ƙirga. Yadda suke yi, a ƙirga goma, a riƙe girman goman a ido, a riƙa aunawa goma-goma har ɗari, sannan ɗari-ɗari. Aiki ne da ba ya son ko tari. Ni kuma uban yaron nan mai gadin gona ya zo ya ce tunda tsuntsu nake so, in hau rumfa in riƙe igiya ɗansa ya je ya ci abinci, daga sama ma an fi gani. Mutumin da na ci kifinsa. Na hau.

Ban daɗe ba na hango wani baƙin abu ya taso daga kacalla yana murɗawa, ya miƙe, ya dunƙule, ya nufo gonar. Ƙarar fikafikansu kaɗai ta isa ta tayar da hankali. Zan faɗi gaskiya, duk ranar ban ga abin da ya kai shi kyau ba. Amma amana aka ba ni. Na finciki igiya da hannu biyu, gwangwanaye suka ɗauka, na buɗe murya na yi ihun da ban san ina da shi ba, ina kaɗa hannun shadda. Jan-baki suka karkata suka faɗa gonar maƙwabci. Agwagin Turai kuwa, na kusa da na nesa, suka tashi gaba ɗaya suka yi gabas.

Yaron ya ɗago daga madubi a hankali. Ya ce, "Kawu, saura kaɗan in gama."

Na ce ya rubuta "da yawa".

Wajen saukowa ne na taka abin da na ɗauka tudu ne, na nutse har gwiwa. Mai jirgi da mai gonar suka kama ni hagu da dama suka zaro, laka ta saki ƙafar ta riƙe takalmin. Maƙwabcin da jan-baki suka sauka a gonarsa ya tsaya daga nesa yana kallo, bai kawo hannu ba. Shaddar kuwa mai wanki ya karɓe ta ya yi mini ta'aziyya.

Baƙin suna nan har wajen Maris da Afrilu, kuma a watan Janairu ake babbar ƙidayar tsuntsayen ruwa, lokacin an girbe shinkafa, gwangwanaye sun huta. Mai son zuwa ya fara da gaida Bulama, ya faɗi abin da ya kawo shi kafin a kawo kifi. In kuma ruwa ya janye wani ya tsinci takalmi sau-ciki, baƙi, ƙafar hagu, a gefen wata rumfa, don Allah a neme ni, ɗan'uwansa yana wurina.