Wanne Bappan?

Ranar Talata na ba almajiri cinyar ragon sunan jaririna, na ce ya kai wa Bappa a Jekadafari. Ni na jawo wa kaina. Gidan nan Bappa biyar ne, kuma sunan yankan kowannensu Abubakar, na marigayi Alhaji. Akwai Bappa Babba. Akwai Bappa Ƙarami, wanda ya girmi Babban da shekara tara, tsawo ne bai kai shi ba. Akwai Bappan Inna, da Bappa Mai Keke, wanda ya sayar da keken tun kafin a ba mu jiha a 1996, sai kuma wani ɗan wata huɗu da dattawa ke gaisarwa da “ranka ya daɗe”.

Cinyata ta faɗa hannun Mai Keke, wanda nake bi dubu ashirin. Har ya aiko da godiya, wai ya fahimci na yafe.

Ɗan ƙanwata da ke karatun tsirrai a Jami'ar Jihar Gombe ya ce in yi haƙuri, masana ma abin ya ci su. Tun 1753 wani Bature ɗan Suwidin, Linnaeus, ya fara bai wa kowane tsiro suna biyu da Latin, dabbobi suka biyo baya, don kada a sake kai cinya gidan da ba nata ba. Duk da haka a Amurka aka raɗa wa wani asu Baileya australis, aka kuma raɗa wa wani furen hamada wannan sunan. Wai masu sunan dabbobi da masu sunan tsirrai kowa da littafinsa, zaman kishiyoyi, ba mai leƙa ɗakin wani. Ɓaure da cediya da durumin ƙofar gidanmu duk Ficus ne, haka ma wani dodon koɗi a ƙasan teku da bai taɓa ganin inuwa ba.

To amma asu bai taɓa cinye rabon fure ba! Mu fa? Ka ƙi sa sunan tsoho, a yi shekara ana gaba da kai. Ka sa, a hana kowa furta shi saboda kara. To rago nawa aka yanka a kan sunan da ba mai kira?

Jaririn nawa? Na so Yusuf. Inna ta dube ni sau ɗaya. Abubakar aka raɗa, kuma tun jiya na ji mata sun fara ce masa Bappa Sabo.