Takardar Koke Zuwa Ga Mai Unguwa Rauta

Zuwa ga Mai Unguwa Rauta,
Saman Kabad, Gefen Talabijin,
Falon Gidanmu.

Ranka ya daɗe,

Ina fata fitilunka na ƙyaftawa lafiya, kuma zafin bana bai dafa ka ba. Na rubuto ne a madadin talakawanka na wannan gida: tsohuwar kwamfutar tebur da ke ɗaure da kai da igiya, laftof ɗin uwargida da ke bin ka ta iska, wayoyin yara, da firinta, wadda kowa ya san halinta.

Ba ma musun sarautarka. Duk na'urar da ta shigo gidan nan sai ta faɗi gabanka ta yi gaisuwa, kai kuma ka yanka mata lambar gida, wannan 192.168.1.4, waccan 192.168.1.7. Ta ƙofarka kowa ke fita duniya. Yaro na kwance a tabarma yana kallon ƙwallon Ingila, uwargida na hira da ƙanwarta a Madina, ba ka taɓa tambayar kowa ina za shi ba. Kokenmu ɗaya ne: don me kwamfutar falo za ta yi zance da Amurka cikin ƙiftawar ido, amma ta kasa miƙa wa laftof ɗin ɗaki hotunan bikin suna?

Dubi halin da talakawanka suka shiga. Mai son kai takarda daga falo zuwa ɗaki sai ya aika wa kansa da kansa ta WhatsApp. Takardar ta bar gida, ta hau eriyar kamfanin waya, ta je wani rumbun kwamfutoci mai nisa, sannan ta dawo ta sauka a ɗakin da ke bayan wannan bango. An ci data wajen tafiya, an ci wajen dawowa, in hoto ne ma ya dawo a matse, fuskar jariri ta dusashe. Mai gudun wannan asara sai ya ɗauko filash, wanda ya zaga shagunan buga takardu ya kwaso cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyin bogi. Yara kuwa tuni suka yi maka tawaye. Sun kama Xender, waya ɗaya ta buɗe tata 'yar hanyar iska, ɗayar ta shiga, fim ya wuce, ba su ko yi maka sallama ba.

Abin takaicin shi ne, zumuncin maƙwabta shi ne asalin gidanku. A 1973 Robert Metcalfe da abokan aikinsa a ɗakin binciken Xerox da ke Palo Alto suka ƙirƙiro Ethernet, igiyar da ke soke a bayanka, domin kwamfutocin gini ɗaya su yi magana da juna kuma su yi tarayya a firinta. A 1983 Barry Feigenbaum na IBM ya tsara SMB, yaren da kwamfutocin Windows ke musayar fayil da shi har yau. Andrew Tridgell na Ostireliya ya fito da Samba a 1992, wadda da ita 'yan Linux ke jin wannan yare. Wi-Fi ƙaramin ƙane ne, sai 1997 ya zo da gudun megabit 2 kacal. Yau igiyar Cat5e na ɗaukar gigabit guda har tsawon mita 100, wato fim mai nauyin gigabait 4 ya tsallaka kafin minti ɗaya ya cika. Hanya tana nan shimfiɗe, ranka ya daɗe, mai unguwa ne ba ya gabatar da mutane ga juna.

Ga laifuffukan da ake tuhumarka da su.

Na farko, rashin riƙe alkawari. Da an ɗauke wuta an dawo da ita, sai ka sake rabon lambobi yadda ka ga dama. Wadda take 4 jiya ta koma 9 yau. Laftof ta je ta ƙwanƙwasa tsohuwar lamba, talabijin ce ta amsa.

Na biyu, raba kan jama'a. Akwai wata doka a cikin littafinka da ke keɓe masu bin iska, kowa ya ga intanet amma kada ya ga ɗan'uwansa. Mun yarda wannan doka ta dace da otal da filin jirgi, ta kuma dace da sashen baƙi da kake buɗe wa masu ziyara. Amma a ce uwargida ce aka jefa sashen baƙi a gidanta, ai wannan cin fuska ne.

Na uku, sarauta biyu a unguwa ɗaya. Ranar da aka kawo 'yar MiFi aka haɗa ku, ita ma ta fara rabon nata lambobin masu farawa da 192.168.8, kai kana naka. Talakawanta ba su san naka ba, alhali rufin kwano ɗaya ne a kansu. Masana sun ce maganin shi ne ɗaya ya ajiye alƙalamin rabon lamba ya zama mai miƙa saƙo kawai. Har yau ba wanda ya yarda ya sauka.

Na huɗu, muryoyinka biyu kuma kowace da aibinta. Ta 2.4 gigahaz tana ratsa bango, sai dai a nan Bluetooth yake, a nan na'urar ɗumama abinci take, a nan duk masu unguwannin maƙwabta ke ihu. Ta 5 gigahaz tana da gudu, amma bangon bulo biyu ya isa ya shaƙe ta.

Adalci ya sa in faɗa, ba duka laifinka ba ne. Talakawanka ma suna da nasu zargin juna. Windows takan ɗauki sabuwar hanya ko dai ta jama'a ko ta gida. In ta ɗauke ta ta jama'a, sai ta rufe ƙofa ta yi kamar ba ta nan. Da akwai HomeGroup da ya zo da Windows 7 a 2009, kalmar sirri ɗaya ta haɗa kowa, amma an yi masa ritaya a 2018. Tsoron nasu kuma yana da tushe. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta wata kafa a tsohon yaren SMB1, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Daga wannan shekarar sababbin Windows suka daina zuwa da tsohon yaren a kunne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa tsofaffin na'urori da ba su iya wani yare ba suka zama kurame a cikin gida, kuma ba mai hankalin da zai ce a sake buɗe waccan kafa dominsu.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Ka ba kwamfutar tebur da firinta lamba ta dindindin, wadda ɗauke wuta ba ya taɓa ta. Ka ɗage dokar keɓewa daga kan 'yan gida, ka bar ta ga baƙi da ɗan maƙwabcin da ya haddace kalmar sirrinmu. Ka zauna da MiFi ku fitar da shugaba ɗaya. Mu kuma za mu shaida wa kowace kwamfuta cewa nan gida ne, mu ware babban fayil ɗaya na tarayya, mu sa masa kalmar sirri mai ƙarfi.

In an yi haka, rawaninka na nan. In kuwa aka ƙi, ina tunatar da kai cikin ladabi cewa akwai wani ɗan rami a bayanka, wanda in aka danna tsinken sakace a ciki na 'yan daƙiƙoƙi, za ka manta sunanka da dokokinka da duk wanda ka taɓa sani. Tsinken yana aljihuna.

Allah ya ja zamanin mai unguwa.

Naka mai biyayya,
Mai Biyan Kuɗin Data