Jinjina Ga Masu Dafa Dutse

Mutanen ƙasar nan ba su iya godiya ba. Shugaba ya yi abin kirki, a yi gum. Ya yi ɗan tuntuɓe, a cika gidajen rediyo da surutu. Shi ya sa ya kamata a samu ko mutum ɗaya ya miƙe ya yaba wa manyanmu a kan wani aiki da ya fito da sunanmu a duniya, wato yadda suka tafiyar da maganar gubar dalma a yammacin Zamfara. Yabon gwani ya zama dole. Daga Tungar Guru da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, zuwa Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, babu garin da bai ɗanɗani wannan gwaninta ba. Mai shakka ya je maƙabartunsu ya duba tsawon kaburburan.

Mu fara da natsuwa, don ita ce adon manya. A farkon 2010 agwagi suka soma mutuwa a waɗannan garuruwa, sai abin ya koma kan yara. Yaro ya tashi da amai da ciwon ciki, jiki ya saki, ya shiga jijjiga, kafin a tofa masa addu'a a rubutu ya cika. Wani gida biyu, wani gida uku. Da shugabanni masu rawar kai muke da su, da sun tayar wa kansu hankali sun aika a ga abin da ke faruwa. Namu kuwa sun san gaggawa aikin Shaiɗan ce. Sai a watan Maris wata tawagar likitoci na gari na kowa, MSF, da ke yawon neman masu sanƙarau, ta ci karo da abin. Suka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Suka ɗebi jini suka aika Turai, amsa ta dawo: dalma ce.

Ga yadda ta shiga. Farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo a duniya, ya haura dala 1,000 a kan oza, manomin da gonarsa ba ta kai shi baɗi ya ɗauki diga ya shiga daji. Dutsen da ya samo akwai zinare a cikinsa, amma dalmar da ke ciki ta ninka zinaren nesa ba kusa ba. Ya ɗauko buhu ya kawo gida, don a gida ne ba a sace wa mutum dukiya, kuma a gida ne matar da ke kulle za ta sa hannu ita ma ta samu na sabulu. Aka fasa dutse da guduma a tsakar gida, aka daka shi a turmin da ake dakan fura, aka kai shi injin niƙa irin na hatsi, aka wanke garin, aka shanya, aka kama zinaren da zaiba. Ƙura ta bi iska ta sauka kan tabarma, kan bakin randa, kan tsabar da aka shanya. Ɗan wata tara yana rarrafe a wurin, ya dafa ƙasa da tafi, ya kai tafin baki. Jikin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, in kuma da yunwa a cikinsa ya fi haka. A wasu gidajen an auna ƙasa an samu dalma ta haura kashi 10 cikin 100, alhali a Amurka a lokacin in ƙasar da yara ke wasa a kai ta kai 400 cikin miliyan sai a ce akwai haɗari.

A nan ne za ka ga tawali'u. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, ta samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan, a garuruwa biyu kacal. Gwamnatinmu, da yake ba ta son fariya, ta sanar a watan Yuni cewa mutum 163 ne suka rasu, 111 daga cikinsu yara. Masana daga baya suka ce yaran sun haura 400, kuma ba a taɓa ganin irin wannan ba a tarihin zamani. Wata ƙasar da ta kafa tarihin duniya da ta yi ta buga ƙirji. Mu ko a jikinmu.

Sai karamci. Bahaushe ya san hakkin baƙo: ba a ƙwace masa aikin lada. Tunda baƙi sun nuna sha'awa, aka sakar musu fili. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli daga jihar Idaho ta Amurka, TerraGraphics, da cibiyar Blacksmith, da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, su suka zo da na'urar awo da kuɗi da dabara. Aka share Dareta da 'Yargalma kafin damina ta yi ƙarfi, Tungar Guru da sauran huɗu kuwa suka jira har bayan ɗaukewar ruwa, aka yi nasu daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011. Aikin kuwa ba na jirgin sama ba ne. A fitar da kayan ɗaki, samarin gari su shiga da fartanya da shebur su kankare saman ƙasa kamar faɗin yatsu uku, a ɗura a buhu, a kai rami a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Da haka aka bi wurare 820 a garuruwa takwas, har da Bagega daga baya, aka kwashe ƙasa mai guba sama da kubik mita 27,000, yawancinta da hannu. Wani maras ladabi zai ce ai fartanya da buhu ba su fi ƙarfin ƙasa mai arzikin man fetur ba. Bai gane ba. Da mun yi da kanmu, baƙin nan a ina za su samu aljanna?

Amma inda gwaninta ta kai maƙura shi ne Bagega, garin da ya fi sauran girma, kuma matattarar niƙan dutse. Likitoci suka ce ba za a ba yaro maganin fitar da dalma ba muddin zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta ba shi cutar, sai an share gari tukuna. Yara kusan 1,500 suka shiga layi. Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850. A watan Mayun 2012 aka shirya babban taro a Abuja, masana suka taso daga ƙasashe, aka jera kujerun ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai, ministocin ba su leƙo ba. Kada a yi musu mummunar fahimta. Kunya ce. Babban mutum ba ya zama a wurin da ake maganar alherin da zai yi.

Damina ta zo ta wuce, kuɗi na nan lafiya lau a ma'ajiyarsu, babu abin da ya taɓa su. An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, sai manyanmu suka raba aikin bisa adalci: su suka ɗauki haƙurin, yaran Bagega suka sha romon. Da ba don wasu matasa marasa ta-ido ba, irin su Hamzat Lawal da abokansa, da suka cika Twitter da Facebook da kiran a ceci Bagega, tare da ƙungiyar Human Rights Watch da ta yi ta tona asiri, da an kai haƙurin nan inda ba a taɓa kai shi ba. Suka matsa wa Shugaba Goodluck Jonathan har aka saki kuɗin a ƙarshen Janairun 2013. Kusan shekara uku bayan an gano cutar. Yaran zamani ba sa barin manya su gama nazari.

Kada kuma a manta da hikimar gano mai laifi. Da aka zauna aka duba, sai aka ga ashe duk laifin talaka ne. Shi ya haƙa ba lasisi, shi ya kai dutse gida, matarsa ce ta daka da goyo a bayanta. Jahilci ne. Dillalin da ke zuwa da sikeli ya saya da araha, da attajirin da ke fitar da zinaren zuwa Dubai, waɗannan bayin Allah ne masu neman halaliyarsu, ba a ga ƙura a rigarsu ba. Maganin jahilci kuwa sananne ne: a hana. An san cewa jiƙa dutse kafin niƙa yana kashe mafi yawan ƙurar. An san in an keɓe wurin aiki nesa da gari, da ruwan wanka, mutum ya tuɓe kayan aikinsa can kafin ya dawo ya ɗauki ɗansa, an rage cutar ƙwarai. Amma waɗannan duk suna cin kuɗi da zirga-zirga, sanarwar hani kuwa takarda ɗaya ce da sa hannu. Kuma tana da wata fa'ida: wanda aka hana ba ya dainawa tunda yunwa ba ta karanta sanarwa, sai dai ya mayar da dutsen cikin ɗaki ya ja ƙofa, ya ɓoye yaronsa in ya soma jijjiga. Da haka alƙaluma ke sauka, rahoto ya yi kyau.

A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Sai ga shi masu bin doka sun fita, masu bindiga sun gaji ramukan. Aka ɗage haramcin a Disambar 2024, ministan ma'adinai Dele Alake da bakinsa ya ce hanin ya bar giɓin da masu haƙa ta bayan fage suka cike. Shekara biyar da 'yan watanni kafin a gano abin da kowane mai acaɓa a Anka ya sani tun makon farko. Wannan shi ake kira bincike mai zurfi.

Zinaren kansa ba a taɓa wulaƙanta shi ba, a nan dole a yi wa kowa adalci. A Yulin 2020 aka shiga da dunƙule mai kilo 12.5 fadar shugaban ƙasa, na shirin tallafa wa ƙananan masu haƙa, aka ɗaga shi gaban kyamara, Babban Banki ya saye shi naira miliyan 268. An tace shi, an auna shi, an ba shi shaidar inganci. Jinin yaron da ke zaune kusa da injin niƙa fa, wa ke auna shi yau? MSF ta yi sama da shekara goma tana yi, ta gwada yara fiye da 8,000, ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022 ta tafi. Muna da yaƙinin amanar tana hannun da ya saba riƙe amana.

Ga kuma hangen nesa, wanda yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Dalma ba kowa take kashewa ba. Wanda ta bari da rai takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, taɓawar da ba ta gyaruwa: wani ya makance, wani ya kurumce, wani ƙafa ta shanye, da yawa kuma ka gan su garau amma karatu ba ya zama. Takan kwanta a ƙashi shekaru, yarinya ta girma ta yi ciki, ta fito ta shiga jinin ɗan tayi. Yaran da ke wasa a ƙasa a Tungar Guru a 2010 yanzu samari ne da 'yammata, wasu sun kai jefa ƙuri'a a mazaɓar Gummi da Bukkuyum. Mai mulki zai so talakan da ya fi wannan? Ba ya dogon lissafi, ba ya tambayar ina kasafin asibiti ya shiga. An rage cunkoso a aji, an rage masu neman gurbin jami'a, ba tare da an kori kowa ba.

Kuma darasin bai tsaya a Zamfara ba, an yaɗa shi. A 2015 abin ya sake ɓulla a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu ta hanya ɗaya sak: dutse, niƙa, ƙura, jijjiga. Aka sake kiran baƙin nan, aka sake jiran kuɗi. Al'ummar da ke riƙe al'adarta haka ba za ta ɓata ba.

Mutanen birni kada su yi hassada, an ajiye musu rabonsu. Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978, mu kuwa gwaje-gwaje sun sha samun ta jingim a fentin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Tsohon bangon da ke ɓarewa a Fagge ko cikin birnin Zariya yana zubo wa yaro nasa kason har ɗaki. Mai fasa tsohon batir yana narka kayansa a bayan katangar Islamiyya. Kwallin da kaka ke rambaɗa wa jariri ranar suna, a 2012 CDC ta ba da rahoton gwajin irinsa da aka samu a idon wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston, aka ga dalma sama da kashi 80 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. Ra'ayinta ke nan. Mu tsarinmu ya fi sauƙi: wanda ba a gwada ba, lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ku ƙyale 'yan baƙin ciki masu cewa a sa injin gwajin jini a asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi, a gina wa masu niƙa wurin aiki da rijiya, a bi kasuwa a auna fenti. Zinare ya ninka farashinsa na 2010, ramuka sun ƙaru, turmi na nan inda yake. In abin ya sake tashi, ba za a same ku ba shiri ba: kwamiti a kafe yake, takardar jajen 2010 tana cikin fayil, ta yi aiki a 2015 ba ta tsufa ba. Sunan gari kawai akawu zai goge ya rubuta sabo. Allah ya ja zamaninku, ya saka muku da irin abin da kuka yi.