Mutanen Kwando Tara

A garuruwan Amurka da dama, idan hukuma ta ga wani lungu na lambun shaƙatawa ya zama ba mai leƙa shi sai masu yawo da kare, takan kafa turakun ƙarfe tara, kowanne da kwandonsa da sarƙoƙinsa, ta zuba ɗan daɓen siminti can nesa da kowane turke, shi ke nan an sami filin golf ɗin faifai. Ba ƙofa, ba tikiti, ba mai gadi. Filin 'yan koyo gajere ne: daga daɓe zuwa kwando bai fi mita 50 zuwa 80 ba, jifa uku aka yanke wa kowane kwando, awa ɗaya ta isa a zagaye duka. Wanda ya yi wannan lissafi da kwanduna ya yi shi, bai sa mutane a ciki ba.

Tun asali wasan ɗan filin gwamnati ne. Ed Headrick, tsohon ma'aikacin kamfanin Wham-O mai yin Frisbee, shi ya kafa fili na farko a lambun Oak Grove kusa da Pasadena, jihar Kalifoniya, a 1975. A lokacin turke zalla ake jifa, sai a yi ta musu ko faifai ya taɓa ko bai taɓa ba. Kwando da sarƙar da ya ƙirƙiro daga baya sun kashe wannan musun. Sauran suna nan daram, kowace Asabar ana yin su.

Sababbin shiga ke fara isowa: uba da uwa da yara biyu, da fayafayai uku da aka sayo cikin kwali ɗaya, takardar farashi na manne a jiki. Uban ya zaɓi mafi kaifin baki, don an ce masa shi ke zuwa nesa. Ya ja da baya, ya sheƙo a guje, ya saki. Faifan ya yi sama kamar da gaske, ya yi jim, ya kifo hagu, ya faɗa ciyawa taku ashirin daga inda aka jefa shi. 'Yarsa mai shekara bakwai ta ɗauki mai dakusasshen baki, ta wurga daga tsaye, ya tafi ɗoɗar ya wuce na babanta. Waɗannan ba sa damun kowa. Iyakar laifinsu su gama kwando na uku su nufi na bakwai, su jefa, su yi tafi, su rubuta maki.

Sai dai da wuya su kai kwando na biyu Malam bai same su ba.

Kowane fili da nasa Malam, kuma ba wanda ya naɗa shi. Tun daga nesa ake jin ƙarar tayarsa, yana jan ɗan amalanke sai ka ce ɗan koli ranar kasuwa: fayafayai wajen talatin a jere launi-launi, tawul biyu, na jiƙa da na busarwa, kujerar naɗewa, 'yar jakar hoda don gumin hannu, da na'urar auna nisa da zai ɗora a ido ya auna kwandon da allon bakin daɓe ya riga ya rubuta nisansa ɓaro-ɓaro. Yakan tsaya a bayan mai jifa, hannu harɗe a ƙirji. Ba ya cewa komai har sai faifai ya faɗi. Sannan ya ja numfashi, ya girgiza kai a hankali irin na likitan da ya ga takardar gwaji.

"Ɗan'uwa, in ɗan faɗa maka wani abu?"

Ba amsa yake jira ba. Kafin mutum ya buɗe baki an karɓe faifan daga hannunsa, an juya shi, ana karanta masa lambobi huɗun da ke jiki: na farko gudu, na biyu yadda yake riƙe iska, na uku yadda yake bauɗewa dama yana cikin gudu, na huɗu yadda yake dawowa hagu in ya gaji. "Ka ga wannan 12 ɗin? Ba naka ba ne. Hannunka bai kai ba." A nan gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Faifan dogon zango sai an ba shi gudun da yake buƙata yake miƙewa, in ba haka ba hagu zai kifa, kuma da ɗan koyo zai riƙe na kusa da na tsaka-tsaki kawai da ya fi cin riba. Da Malam zai tsaya a nan da an sa masa albarka. Ina! Yanzu ya fara. Ka sunkuyar da bakin faifai. Ka jawo shi ta ƙirji. Ƙugu ke jifa, ba hannu ba. Ka saki jiki. Ka damƙe shi da ƙarfi. Kada ka kalli kwando. To me ya sa ba ka kallon inda za ka jefa? Bawan Allah da ya zo shan iska yanzu yana tsaye a kan siminti da umarni tara a ka, bai ma san ƙafar da zai fara ɗagawa ba. Ya jefa, ya fi na ɗazu muni. Malam ya ce, "Yawwa, ka fara ji a jikinka."

In mace ce ke jifa, darasin ninki biyu ne, ko da kuwa ta fi shi. Ya san sarai cewa Kristin Tattar 'yar Estoniya ta ci gasar duniya a 2022 da 2023, shi zai ma ba ta labarin, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa wadda ke gabansa ta shekara biyar tana wasan ba.

Tsakanin kwando da kwando kuma tarihi ne. Ken Climo da kambunsa 12 na duniya. Paul McBeth da kwantiragin dala miliyan 10 na shekara goma da ya sa wa hannu da kamfanin Discraft a 2021, wanda Malam ke faɗa da alfahari kamar da kasonsa a ciki. Labarin da ya fi so shi ne na Headrick: da ya rasu a 2002, bisa wasiyyarsa aka ƙona gawar, aka cuɗa tokar cikin robar wasu fayafayai. Yakan faɗe shi daidai lokacin da mai sauraro ke riƙe da faifan aro, ya ji daɗin ganin yadda mutum zai dubi abin da ke hannunsa.

Daga ƙarshe layi ya zo kansa. Ya ciro ja, ya mayar. Ya ciro shuɗi, ya goge da tawul, ya tsinki ciyawa ya watsa sama don ya ga inda iska ta nufa. Ya gwada hannu sau uku. Ya yi takun nan na harɗe ƙafa, ya saki da ƙarfinsa duka, sai kwas! Bishiyar farko, wadda ke taku goma daga daɓe, wadda yarinyar ɗazu ta wuce ba ta ma lura da ita ba. Faifan ya dawo ya gangara bayansa. Malam ya dube shi, ya ce robar sabuwa ce, ba ta gama laushi ba. Duk da haka a yi masa adalci: in faifan wani ya ɓace shi ke fara kutsawa cikin ƙaya, kuma yara da yawa a hannunsa suka sami faifansu na farko kyauta.

Wanda Malam ba ya yi wa darasi shi ne Baba. Tsoho ne da fayafayai biyu cikin leda, ɗaya Roc ɗaya Aviar, duk sun koɗe har tambarin ya goge. Ba ya gudu, ba ya gwada hannu. Taku ɗaya, faifai ya tafi ƙasa-ƙasa ya kwanta gindin turke, jifa na biyu sarƙa ta yi ƙara. In an yaba masa ya ce sa'a ce. Sa'ar nan sau tara take zuwa masa a jere.

Akwai Alƙali, wanda ya haddace dokokin ƙungiyar wasan, PDGA, yana neman inda zai sauke su. Daƙiƙa 30 ake ba mai jifa a kan daɓe. Cikin mita 10 daga kwando ba a tsallake alama sai an nuna an tsaya da ƙafa daram. Na nesa da kwando shi ke fara jifa. Duk gaskiya ne, a gasa. Shi kuwa yaro ɗan firamare yake karanta wa.

Dokar da Alƙali ya kamata ya matsa a kai ita ce ta minti uku na neman faifan da ya ɓace, don Mai Cigiya bai san da ita ba. Zai yi minti ashirin cikin kurmi yana bankaɗa ganye da ƙafa, har da ganyen nan mai kunne uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje na mako guda ko fiye, rukuni uku sun taru a baya suna jira. Faifan kore ne, ya saya ne don kyau. Abokin cinikinsa na ɓoye shi ne mai shiga kududdufi da dogon takalmin roba yana lalube da yatsun ƙafa. Al'ada ita ce a rubuta suna da lambar waya a cikin faifai, wanda ya tsinta ya kira. Wasu suna kira. Wasu kuwa sun gano sinadarin da ke goge tawada.

Mai sifika a jaka ya yanke wa lambun gaba ɗaya waƙar da za a saurara. Rukunin mutum takwas ba su taɓa waiwayawa sun ce wa mutum ɗaya tilo da ke bayansu ya wuce ba. Mai waya yana rubuta maki a manhajar UDisc, amma duk jifan da ya lalace "gwaji ne, ba ya cikin lissafi". Tun da James Conrad ya zura faifai daga wajen mita 75 a kwandon ƙarshe na gasar duniya ta 2021 a jihar Utah, ya tilasta wa McBeth zagayen raba gardama ya kuma cinye, aka sami wani sabon iri da ba ya yarda ya ajiye faifai kusa da turke. Daga ko'ina sai ya nemi sarƙa, faifan ya wuce da mita ashirin, ya sake nema daga can. Sai kuma wani da kan tsaya daga gefe yana ƙare wa kowa kallo, yana ɗan rubuce-rubuce a takarda, har a kira shi sau biyu cewa layinsa ne. Ana zargin mujalla yake kai wa.

Su kuwa waɗanda ba wasan ya kawo su ba, ba a ganin laifinsu. Iyali su shimfiɗa tabarma a tsakiyar hanyar kwando na biyar don nan inuwa ta fi. Wani ya ɗauka kwandon na shara ne ya zuba gwangwani, wani ya rataya rigar yaro a sarƙa, wani ya tsaya yana tambaya ko wurin gasa nama ne. Lambun nasu ne kamar yadda yake na masu faifai, da harajinsu aka zuba simintin. Mai hankali kan je ya yi sallama ya yi bayani, ko ya tsallake kwandon ya wuce na gaba.

Mai Ƙarfin Hannu ba ya yin ko ɗaya, kuma a kansa wasa ke ƙarewa. Saurayi ne da ya iya jifa, ba ƙarya. Faifan da ke hannunsa ba irin mai taushin baki da ake cafewa a bakin teku ba ne. Tun 1983, da Dave Dunipace na kamfanin Innova ya fito da faifai mai feƙaƙƙen baki, abin ya zama na tsaga iska: nauyinsa wajen giram 175, kuma a hannun gwanaye yana fita da gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Da irinsa David Wiggins Jr. ya jefa mita 338 a hamadar Nevada a 2016, iska na taya shi. Wannan shi saurayin ke ɗaukowa a kwandon mita 60, ga hanyar masu tafiya a ƙasa ta ratsa ta tsakiya, ga wurin lilon yara a bayan bishiyoyi. Yana ganin mace da keken jariri, ya ce ai ta samanta zai bi. Yana ganin 'yan koyo ba su bar gindin kwando ba, ya jefa don su san suna ɓata masa lokaci. In faifan ya kuɓuce ya nufi mutane, ko "Hattara!" da kowane ɗan wasa ke ƙwallawa ba ya yi, sai ya yi tsit yana fatan a dace. Abin nan yana fasa goshi, yana karya haƙori, kuma wanda zai samu bai ma san ana wasa a wurin ba, balle ya duƙa.

An taɓa ganin wata dattijuwa ta ɗauko faifansa daga gefen tabarmar jikokinta, hannunta na rawa, ta ce, "Ɗana, ba ka ga yara ba?" Ya karɓa, ya duba bakin faifan ko ya ƙwarzane, ya ce ai nan filin wasa ne, akwai allo. Malam ne ya bar amalankensa ya je ya ba ta haƙuri a madadin mutumin da bai sani ba, don shi da 'yan sa-kai da ke share daɓe da kwashe shara sun san cewa ƙara ɗaya irin wannan a gaban hukumar lambu ta fi ƙarfin shekara guda ta ladabi.

Abin da ke ƙara ƙona rai shi ne saurayin yana da wurin zuwa. A ɗaya gefen gari akwai fili mai kwando 18, dogaye, cikin daji, ba lilo ba tabarma, inda jifan mita 120 ke da amfani. Ya san hanyar. Ba ya zuwa ne don a can akwai mutum goma da suka fi shi hannu, kuma ba mai juyowa ya kalli faifansa.